Ranar Kasuwa a Cikin Littafi: Mai Hoton da Ya Shekara 17 a Ƙauye

Akwai wani hoto da aka ɗauka a 1976 a wani ƙauye da ke kudu maso yammacin Ingila. Manoma biyu ne suka saka rago marar lafiya a cikin bahon wanka na kwano, suna ƙetare fili da shi. Babu sarki a hoton, babu ɗan siyasa, kuma babu wanda ya gyara tsayuwa saboda kyamara. Da za a tambayi mutanen nan biyu a ranar, watakila cewa za su yi ai ba wani abu ba ne, rago ne dai ya kasa tafiya. Amma yau hoton yana cikin sanannun hotunan karkarar ƙasar.

Wanda ya ɗauke shi sunansa James Ravilious. Daga 1972 ya shafe shekara 17 yana ɗaukar hotunan mutanen wani ɗan yanki na gundumar Devon: gonakinsu, makarantunsu, bukukuwansu, da kasuwannin da suke kai shanu da tumaki. Ya bar hotuna kusan 80,000, kuma daga cikinsu aka zaɓo waɗanda suka zama littattafai. Irin wannan aiki shi ne hoton adana tarihi, wato mai hoto ya ɗauki rayuwa yadda ya same ta, ba tare da ya jera mutane ko ya ƙawata wurin ba. Labarin ya shafe mu, domin mu ma mutanen kiwo da kasuwa ne, kuma da wuya a rasa wayar da ke ɗaukar hoto a gidajen da yawa daga cikinku.

Maraya da ya koya wa kansa hoto

An haifi James Ravilious a 1939. Mahaifinsa, Eric Ravilious, shahararren mai zane ne da ya ɓace a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin wani jirgin saman soja da ya tashi bai dawo ba. A lokacin James yana ɗan shekara uku. Mahaifiyarsa kuma ta rasu a 1951. Da ya girma ya fara koyon aikin akanta, daga baya ya ajiye ya shiga makarantar zane, har ya zama malamin zane a Landan.

A 1969 ya je kallon baje kolin hotunan wani Bafaranshe mai suna Henri Cartier-Bresson, wanda ya yi suna wajen ɗaukar mutane suna cikin harkokinsu a kan titi. Abin da ya gani ya juya masa tunani. Bai shiga makarantar hoto ba, da kansa ya koya. A 1972 shi da matarsa Robin suka bar Landan suka koma Devon, yankin danginta. A can akwai wata cibiyar fasaha a ƙauyen Beaford, kuma shugabanta, John Lane, ya ba shi aikin da ake iya faɗa a jimla ɗaya: ya ɗauki hotunan da za su nuna wa mutanen yankin kansu.

Masu son fim za su so jin wannan. Kafin Ravilious, wani saurayi ɗan Devon mai suna Roger Deakins ne ya fara riƙe aikin na ɗan lokaci. Wannan saurayi shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar fim na duniya, ya ci kyautar Oscar sau biyu, da fim ɗin Blade Runner 2049 da kuma 1917. A 2021 ya fitar da littafin hotunansa mai suna Byways, kuma a ciki akwai hotunan da ya ɗauka a waɗannan ƙauyuka tun yana saurayi.

Yadda kasuwar dabbobinsu take

Duk wanda ya saba da kara irin tamu zai ga bambanci. A wurinmu mai dabba yakan miƙa ta ga dillali, mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. A Ingila kuwa gwanjo ake yi. Ana kawo dabbobin a mota, a zuba su a ƙananan shingaye na ƙarfe, sannan a riƙa shigo da su wani zagayayyen fili ana kewayawa da su. Mai gwanjo yana tsaye a kan dandamali yana kiran farashi da sauri kamar ruwan sama. Masu saye suna jingine da ƙarfen shinge, kuma wanda yake son ƙarawa ba ya ɗaga murya. Ɗan gyaɗa kai ko ɗaga yatsa ya isa. Wanda ya fi kowa tayi shi ke tafiya da dabbar.

To, a nan ne mai hoto yake samun abin ɗauka. Tunda ba a magana da baki sosai, fuska da hannu ne ke magana. Ga wanda ya ɓata rai don kada a gane yana son saniyar, ga wanda ya tura hannu cikin ulun tunkiya yana jin ƙibarta, ga tsohon da bai zo saye ko sayarwa ba, ya zo ne kawai ya ga farashi ya ga abokai. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci. Manoman can ba sa zama a dunƙule kamar ƙauyukanmu. Gidan kowa yana tsakiyar gonarsa, nesa da na maƙwabci, mutum kan yi kwanaki bai ga kowa ba sai iyalinsa da dabbobinsa. Ranar kasuwa ce ranar jin labari, shan shayi da abokai, zuwa banki da sayen maganin dabbobi.

Ɗaya daga cikin kasuwannin da Ravilious ya riƙa zuwa ita ce ta garin Hatherleigh, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci. Ku riƙe sunan, za mu dawo gare shi.

Me ya sa hotunansa suka bambanta?

Abu na farko shi ne zama wuri ɗaya. Ravilious bai yi yawon duniya ba. Yawancin aikinsa ya yi shi ne a ƙasar da ke tsakanin koguna biyu, Taw da Torridge, wurin da bai wuce 'yan mil kaɗan daga gidansa ba. Mutanen da yake ɗauka maƙwabtansa ne. Baƙon da ya shigo kasuwa da kyamara kowa shi zai zuba wa ido, wasu su ɓoye fuska, yara su taru a gabansa. Amma wanda ake gani kowane mako, shekara da shekaru, sai a daina lura da shi, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. A lokacin ne ake samun hoto na gaskiya. Idan aka raba hotuna 80,000 a kan shekara 17, za a ga yana ɗaukar kusan 90 a kowane mako, kuma a zamanin da ake amfani da fim mai cin hoto 36, wanda sai an wanke shi kafin a ga abin da aka samu.

Na biyu shi ne kayan aiki. Ya yi amfani da ƙaramar kyamara ƙirar Leica, wadda ba ta da ƙara kuma ba ta cika ido. Ya fi son tsofaffin gilasan kyamara na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, domin sababbin suna sa baƙi ya yi baƙi ƙirin, fari ya yi fari fat, shi kuwa yana son a ga duk launukan toka-toka da ke tsakani, irin na hazon safiya da tururin numfashin shanu a lokacin sanyi. Wato tsada ko sabuntar kayan aiki ba su dame shi ba. Abin da yake son gani ya fara sani, sannan ya nemi abin da zai ba shi shi.

Na uku shi ne rubutu. Hotunansa suna tafe da bayanin wanda ke ciki, abin da yake yi, sunan wurin da shekarar. Wannan ɗan layi shi ke mayar da hoto shaida. Jikan manomi zai iya zuwa yau ya nemi sunan kakansa ya gan shi tsaye a kasuwa. Bayan haka, ya riƙa aron tsofaffin hotunan da mutane suka ajiye a gidajensu, ya kwafa ya mayar musu da abinsu. Ta haka dubban hotunan da suka girme shi suka shiga taskar Beaford, wadda har yau tana nan, kuma an saka da yawa daga cikin hotunanta a intanet.

Daga taska zuwa littafi

Littafi ba zai ɗauki hoto 80,000 ba, dole a zaɓa, kuma zaɓin aiki ne mai zaman kansa. Mai shirya littafin hoto yana tunanin wane hoto zai buɗe, wane zai zauna kusa da wane. Idan aka sa hoton yara suna shiga makaranta a shafin hagu, aka sa na tumaki ana shigar da su shinge a shafin dama, mai kallo zai yi murmushi ba tare da an rubuta masa komai ba. A waya yatsa kan share hoto kafin ido ya gama ganinsa. Littafi kuwa yana sa mutum ya tsaya, ya duba gefen hoton, ya lura da takalmin wani, da farashin da aka rubuta a allo, da karen da ke kwance ƙarƙashin mota.

Littafinsa na farko, The Heart of the Country, ya fito a 1980, matarsa Robin ce ta yi rubutun da ke ciki. A Corner of England ya biyo baya a 1995, sai An English Eye a 1998. Ravilious ya rasu a 1999 yana da shekara 60, kuma wani littafin, Down the Deep Lanes, ya fito a 2000, bayan rasuwarsa.

Shekarar da kasuwanni suka yi tsit

Shekara biyu ba ta cika da rasuwarsa ba sai masifa ta auka wa makiyayan ƙasar. A watan Fabrairun 2001 cutar baki da kofato ta ɓulla a Birtaniya. Cuta ce mai saurin yaɗuwa tsakanin shanu, tumaki, awaki da aladu, kuma kasuwanni sun taimaka mata, domin tumakin da suka kamu sun ratsa ta cikinsu kafin a farga, aka saye su aka watsa su sassa daban-daban. Gwamnati ta hana zirga-zirgar dabbobi, kasuwanninsu suka zauna a rufe kusan shekara guda. An kashe dabbobi fiye da miliyan 6, aka riƙa tara mushen ana ƙonawa a gonaki. Devon tana cikin wuraren da abin ya fi muni.

Wani mai hoton yankin, Chris Chapman, ya bi wannan annoba da kyamararsa. Littafinsa Silence at Ramscliffe, wanda ya fito a 2005, yana ba da labarin wata gona kusa da Beaford da aka kashe dabbobinta saboda tana maƙwabtaka da inda cutar ta ɓulla. Sunan littafin yana nuni ne ga shirun da ya sauka a gonar bayan an gama. Wanda ya ga hotunan Ravilious na yankin cike da dabbobi, sannan ya buɗe na Chapman, zai fahimci girman asarar fiye da yadda lambar miliyan 6 za ta fahimtar da shi. Gani ya kori ji.

Ko ba annoba, kasuwannin dabbobin Ingila sun daɗe suna raguwa. Manyan kantuna sun koma sayen nama ta hannun manyan mayanka, waɗanda ke karɓar dabbobi kai tsaye daga gona. Ƙananan gonaki sun haɗe sun zama manya. Filayen kasuwa da ke tsakiyar gari sun yi tsada, masu gina gidaje suna zawarcinsu. Kasuwar Banbury, wadda ta taɓa zama cikin mafi girma a ƙasar, an rufe ta a 1998. Ita kuwa Hatherleigh da muka ambata, an daina cinikin shanu da tumaki a cikinta a 2018, aka ba da filin don gina gidaje. Yaron da aka haifa a garin bayan wannan shekara, idan yana son sanin yadda ranar kasuwar shanu take, sai dai ya tambayi manya ko ya buɗe littafin hoto.

Mu fa a nan gida?

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ko karar Potiskum, zai ce ai namu ba za su taɓa mutuwa ba. Allah ya sa haka. Sai dai a 2021 mun ga yadda gwamnatocin Zamfara da Katsina suka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda matsalar tsaro. Dillalai, 'yan lodi, masu sayar da igiya, masu abinci da yaran da ke riƙe dabba a ba su na goro, duk suka zauna. Kasuwa tana iya yin shiru a nan ma.

Ko da ba ta rufe ba, tana canzawa a gaban idonmu. Ku tambayi kakanninku, za su ba ku labarin lokacin da ake kora shanu a ƙasa ko a loda su a jirgin ƙasa zuwa Kudu, kafin tirela ta karɓe aikin. Za su tuna 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Ku kuma kun ga farkon 2023 da idonku, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, yadda mutanen da ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba suka koma neman masu POS. Dillali riƙe da igiyar sa a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun yana jiran shigowar kuɗi, yau ba abin kallo ba ne. Nan da shekara 30 zai zama tarihi, idan an samu wanda ya ɗauka.

An yi littattafan hoto a kan makiyayan yankinmu. Sananne a cikinsu shi ne Nomads of Niger na 1983, wanda Carol Beckwith ta ɗauki hotunansa, Marion van Offelen ta yi rubutun, a kan Fulani Wodaɓe na Nijar. Aiki ne na mutanen da suka zo daga nesa suka zauna da makiyaya. Amma idon baƙo ya fi tafiya ga abin da ya ba shi mamaki: kwalliya, rawa, hawan sallah. Ɗan gari shi ya san wane dillali ne ya gaji sana'ar daga kakansa, wace bishiya ce masu raƙuma ke zama a ƙarƙashinta, da dalilin da ya sa farashin rago ke hawa ana saura mako biyu Babbar Sallah. Abin da Ravilious ya yi shekaru yana nema, wato mutane su saba da shi, ku an haife ku da shi.

Idan za ku gwada

Ku zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, ku yi ta komawa a lokacin hutu ko ƙarshen mako. Ba dole sai babbar kara ba. Kasuwar kaji ta unguwa, injin niƙa, ko bakin rijiyar da ake shayar da dabbobi duk sun isa. Zuwa goma a wuri ɗaya ya fi zuwa ɗaya a wuri goma.

Ku nemi izini kafin ku ɗaga waya. Ku sanar da iyayenku, ku tafi tare da babba, ku gaida shugabannin kasuwar ku faɗa musu abin da ya kawo ku. "Baba, don Allah in ɗauke ka hoto kana aikinka? Na makaranta ne." Idan ya ce a'a, ku yi godiya ku wuce. A kan mata da ƙananan yara sai an ƙara kiyayewa. Kada ku ɗauki mutum yana ƙirga kuɗi, kuma kada ku saka hoton kowa a Facebook ko TikTok ba da saninsa ba, domin a wannan zamani hoton da ya nuna dukiyar mutum yana iya jawo masa bala'i. Ku kuma yi nesa da ƙahon sa da ƙafar raƙumi.

Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke sa inuwar hula ta rufe fuska. Kada ku ce wa kowa ya tsaya ya kalle ku. Ku jira ya koma kan aikinsa. Ku ɗauki na nesa da ke nuna faɗin wurin, ku ɗauki na kusa da ke nuna hannu yana buɗe bakin rago don duba haƙora.

Ku riƙe ƙaramin littafin rubutu. Kowane hoto a rubuta masa rana, wuri, abin da ake yi, da sunan mutumin idan ya yarda. Ku ƙara da farashin da kuka ji a ranar. Wannan layi ɗaya wata rana zai fi hoton kansa amfani ga mai bincike.

Daga ƙarshe, kada ku bar komai a cikin waya. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana goge ta don a samu wurin sabon fim. A ƙarshen zango ku zauna da abokanku na ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta ko malaminku na tarihi, ku zaɓi hoto 20 mafi kyau, ku wanke su, ku manna a littafi tare da bayaninsu, ku ajiye a laburaren makaranta. Ku wanke ƙarin kwafi ku kai wa waɗanda kuka ɗauka. Dillalin da kuka miƙa wa hotonsa a hannu, shi zai fara kiranku ku zo ku ga sabon bijimin da aka kawo a mako mai zuwa.